BAYAN AIKIN GYARAN BUGUN ZUCIYA: ZAZZAƁIN DA BA A KAI WA KEMIS

Bismillahir Rahmanir Rahim.



  Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Darasin yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya. Maigidanta ya daɗe yana fama da bugun zuciya, aka kai shi Indiya aka yi masa aiki ta cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba, bayan 'yan kwanaki suka dawo gida. Jiki ya yi kyau, har ya fara fita masallaci. Tana tambaya: shin an gama kenan? Kuma zai iya yin ƙaho, ya koma shan habbatus sauda kamar da?

Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Aikin nan mai kyau ne, kuma fiye da mutum 90 cikin 100 da aka yi wa suna warkewa ba tare da wata babbar matsala ba. Sai dai akwai wasu matsaloli da ba kasafai suke faruwa ba, kuma mafi haɗarinsu sai an dawo gida da sati biyu ko uku take bayyana, wani lokaci har zuwa wata biyu. A lokacin likitan da ya yi aikin yana can wata ƙasa. Wanda zai fara ganin alamar ke ce uwargida, ko ɗansa, ko ƙaninsa. Shi ya sa muka ga ya kamata kowane gida ya san wannan bayani.

*YADDA ZUCIYA KE BUGAWA*

Allah Ya halicci zuciya da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke kunna lantarki, lantarkin ya bi hanyoyinsa ya sa zuciya ta matse ta tura jini. Babban mutum idan yana hutawa zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau 100,000 kenan a kwana ɗaya. Subhanallah.

Ku ɗauka kamar wayarin gida ne. Idan wata waya ta saɓule tana tartsatsi, sai ka ga ƙwan fitila na ƙyaftawa. Haka zuciya take idan wani wuri ya fara sakin lantarki ba bisa tsari ba: sai ta riƙa gudu, ko tsallake, ko fat-fat kamar tsuntsu a keji. Mutum ya ji faɗuwar gaba, jiri, haki, kasala, wani har ya suma.

Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke taƙaitawa da AF, inda ɗakunan sama ke karkarwa maimakon su matse. Haɗarinsa shi ne jini na iya kwantawa ya daskare a ciki, gudan jinin ya tafi ƙwaƙwalwa. AF na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Hawan jini, tsufa, ƙiba, da ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yarinta wanda ba a yi maganinsa ba, duk suna cikin abubuwan da ke kawo shi. Akwai kuma wani nau'in da ake kira SVT, wanda kan kama har da matasa, zuciya ta ɗauki gudu farat ɗaya, ta kuma tsaya da gudun farat ɗaya.

*MENE NE AIKIN?*

Likitoci na kiransa abuleshan. Ana zura wasu siraran bututai masu kama da waya, su ma kateta ake ce musu amma ba irin robar fitsari ba ce, ta jijiyar jini da ke matsematsi, a tura su har cikin zuciya. A nemo wurin da ke tartsatsin, a kashe shi ya zama tabo, don tabo ba ya wuce da lantarki. Idan AF ne, sai an huda bangon da ya raba ɗakin dama da na hagu kafin a kai wurin.

Hanya uku ake bi wajen kashe wurin: zafi, ko sanyi mai tsanani ta hanyar wani ɗan balan-balan da ke daskarar da naman, ko sabuwar hanya ta bugun lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa huɗu, a sallami mutum ranar ko washegari.

Ba jiya aka fara ba. A 1981 wani likita mai suna Melvin Scheinman ya fara yi wa ɗan Adam a birnin San Faransisko na Amurka. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bodo na Faransa suka gano cewa tartsatsin AF yawanci daga bakin jijiyoyi huɗu da ke dawo da jini daga huhu yake tasowa. Wannan zagaye da jini ke yi ta huhu kuwa, likitan Musulmi Ibnun Nafis wanda ya rasu a 1288 ya yi bayaninsa tun ƙarnoni kafin Turawa.

*SHIN BA LALAS BA NE? MENE NE HUKUNCINSA?*

Wasu kan ce: ai ƙona nama da zafi lalas ne, kuma an hana. To, gaskiya ne hadisai sun zo da nuna cewa Annabi Sallallahu alaihi wa sallam ba ya son lalas da wuta, ya kuma yabi masu barinsa. Amma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa shi da kansa ya yi wa Sa'adu bn Mu'azu lalas a raunin da ya samu lokacin yaƙin Ahzab, ya kuma aika mai magani ga Ubayyu bn Ka'ab ya yanke masa jijiya ya yi mata lalas, Allah Ya ƙara musu yarda. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya tattara waɗannan hadisai ya nuna babu karo a tsakaninsu: yinsa da Annabi ya yi na nuna halasci, rashin sonsa kuma ba ya nufin haramci. Malamai sun tafi a kan cewa idan buƙata ta kama, masana suka ce nan maganin yake, ya halatta. Babban likitan tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, sashen farko na bayaninsa kan tiyata gaba ɗaya a kan lalas ya yi shi.

Balle wannan da ake yi da na'ura mai auna zafi, mutum yana cikin barci ko an kashe masa ciwo. Don haka wanda likitan zuciya ya ce ya yi, kada waswasi ya hana shi.

*ABIN DA BA NA TASHIN HANKALI BA NE*

A kwanakin farko an saba ganin waɗannan:

• Ɗan ciwon ƙirji mara tsanani, musamman idan an ja dogon numfashi, yana raguwa kullum.
• Wurin da aka huda a cinya ya yi duhu, ko ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa.
• Gajiya na 'yan kwanaki.
• Bugun zuciya ya riƙa dawowa jefi-jefi a wata biyu zuwa uku na farko. Wannan ba ya nufin aikin bai yi ba, zuciyar ce ke warkewa. A dai sanar da likita.

Satin farko kada ya ɗaga abu mai nauyi kamar jarkar ruwa ko buhu, kada ya yi yunƙuri mai ƙarfi a banɗaki, a dakata da hawa babur. Idan ruku'u da sujada na jan wurin, ya yi sallarsa a zaune, shari'a ta sauƙaƙa masa.

Yanzu ga matsalolin da ba kasafai ake gani ba. Za mu fara da mafi haɗari.

*1. ƘOFA TSAKANIN ZUCIYA DA HANYAR ABINCI* ⚠️

Bututun da abinci ke bi daga maƙoshi zuwa ciki, a bayan ɗakin zuciya na sama na hagu yake wucewa, abin da ya raba su 'yan milimita ne kawai. Idan ana ƙona bangon baya na zuciya, zafin na iya taɓa wannan bututu ya yi masa ɗan gyambo. Galibi gyambon na warkewa shi kaɗai ba tare da mutum ya ma sani ba. Amma a wasu 'yan tsiraru sai ya riƙa ci a hankali, sati ɗaya, biyu, uku, har ya huda ya buɗe ƙofa zuwa cikin zuciya. Daga nan iska da ƙwayoyin cuta da ke hanyar abinci su shiga jini su tafi ƙwaƙwalwa, ko jini ya kwararo cikin hanyar abinci.

Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda ya duba aiki sama da 550,000 a ƙasashe da dama, ya samu mutum 138 da wannan ta faru da su. Kusan mutum 1 cikin 4,000 kenan. Kaɗan ne ƙwarai, alhamdu lillah. Amma a cikin waɗanda ta sama, kusan biyu cikin uku sun rasu. Waɗanda aka bari da magani kawai ba a toshe ƙofar ba, kusan 9 cikin 10 suka rasu, waɗanda aka yi wa gyara kuwa kusan rabi sun rayu. Alamun kan fara ne wajen kwana 18 bayan aiki, kuma alamar farko da ta fi yawa ita ce *zazzaɓi*.

To kun ga inda matsalarmu take. A wajenmu zazzaɓi ai maleriya ce ko taifot. Maigida ya tashi da jiki zafi rau, a aika yaro kemis ya karɓo maganin maleriya, a sa masa ruwa a ɗaki, a jira kwana uku a ga hali. Idan kuma ya fara ruɗewa ko baki ya karkace, sai a ce iska ce ko sammu. Wallahi waɗannan kwanaki ukun su ne kwanakin da za a iya ceto shi da izinin Allah.

Alamun da za a kula da su daga satin farko har wata biyu bayan aiki:

• Zazzaɓi ko rawar sanyi.
• Ciwon ƙirji sabo, ko wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa.
• Jin zafi ko wahala wajen haɗiya, ƙwannafi mai tsanani da bai saba ba.
• Ruɗewa, yawan barci, farfaɗiya, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, ko da ya zo ya wuce.
• Aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta.

Abin yi idan an ga ɗaya daga ciki:

*Na farko,* a tafi babban asibiti kai tsaye, asibitin koyarwa ko na ƙwararru da ke da likitan zuciya da na'urar hoton CT. Ko da tsakar dare ne.

*Na biyu,* kada a ba shi komai ta baki. Ba abinci, ba ruwa, ba zuma, ba rubutu, ba ruwan tofi. Duk abin da ya haɗiya na iya bi ta ƙofar nan ya shiga jini. A yi masa addu'a da ruƙya da baki, a ɗora hannu a kansa ana tafe a mota. Addu'a ba ta buƙatar sai an haɗiye ta.

*Na uku,* da an shiga a faɗa wa likita: an yi masa aikin abuleshan na zuciya ranar kaza. A nuna takardar sallama. Likitan da bai ji wannan ba ba zai kawo wannan cuta a ransa ba, don da yawansu ba su taɓa ganinta ba.

*Na huɗu,* kada a yarda a zura masa kyamara ta baki don duba ciki, wato endoskofi, sai an tuntuɓi likitan zuciya. A wannan gwaji ana hura iska, iskar kuma na iya bi ta ƙofar ta shiga zuciya ta tafi ƙwaƙwalwa. Gwajin da ake farawa da shi hoton CT na ƙirji ne tare da allurar da ke haska jijiyoyi. Idan na farko bai nuna komai ba amma alamu na nan, akan sake.

Ko gwajin jini ya nuna maleriya, kada hankali ya kwanta a nan. Mutum na iya ɗauke da maleriya kuma yana da wata cutar daban, gwajin taifot da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji kuma yana yawan nuna akwai alhali babu. Sannan wasu magungunan maleriya irin su kwinin ba sa jituwa da wasu magungunan bugun zuciya kamar amiodarone. Likita ne zai zaɓa.

Yawancin asibitoci na ba da maganin rage asid ɗin ciki, irin su omeprazole ko pantoprazole, na sati huɗu zuwa shida bayan aiki. Kada maigida ya ce ai ni ba ni da olsa ya ajiye shi. Don kare hanyar abincin aka ba shi.

*2. TARUWAR JINI A JAKAR ZUCIYA*

Zuciya a cikin wata 'yar jaka take. Idan kateta ta huda bangon zuciya, jini na taruwa a jakar ya matse ta ta kasa cika. Yana faruwa ga kamar mutum 1 cikin 100, kuma galibi a ɗakin aiki ake ganewa a zuƙe da allura nan take. Amma jefi-jefi yakan taru a hankali ya bayyana bayan kwanaki ko makonni. Alamu: haki mai ƙaruwa, jiri idan an tashi tsaye, gumi mai sanyi, nauyin ƙirji, awon jini ya faɗi ƙasa, suma. Wannan ba na jira ba ne, hoton zuciya na eko zai nuna cikin mintuna.

*3. SHANYEWAR ƁARIN JIKI*

Wuraren da aka ƙona a cikin zuciya kamar sabon rauni ne, jini na iya daskarewa a kansu. Ƙasa da mutum 1 cikin 100 ne ke samun wannan, kuma haɗarin ya fi yawa a kwanaki da makonnin farko. Shi ya sa bayan aikin AF ake ɗora mutum a kan maganin tsinka jini aƙalla wata biyu zuwa uku, wasu kuma har iya rayuwa, ko da bugun ya daidaita.

A ce ya yi murmushi, a duba ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannu biyu, a duba ko ɗaya na faɗuwa. A ce ya yi magana, a ji ko harshe ya harɗe. Idan an ga ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin, a tafi asibiti. Awannin farko su ne masu tsada.

*4. TSUKEWAR JIJIYOYIN HUHU*

Tunda a bakin jijiyoyin nan huɗu ake aikin, tabo na iya tsuke ɗaya daga cikinsu, jini ya kasa fita daga huhu yadda ya kamata. Yanzu ya yi ƙaranci, ƙasa da 1 cikin 100, don likitoci sun koma yin aikin daga wajen bakin jijiyar. Wannan a makare take zuwa, bayan makonni ko watanni, lokacin kowa ya manta da aikin. Alamu: tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, haki, ciwon ƙirji, tofar da jini, nimoniya tana tafiya tana dawowa.

A ƙasarmu duk mai tari da jini, tarin fuka za a fara zargi, wato TB, kuma daidai ne a gwada. Amma a tuna wa likita da aikin. Dalili biyu ne: hoton CT ne ke nuna tsukewar, kuma ana iya buɗe ta da balan-balan ko a sa ɗan bututun ƙarfe mai raga idan ba a makara ba. Sannan ɗaya daga magungunan TB, rifampicin, yana rage ƙarfin magungunan tsinka jini ƙwarai.

*5. TAƁUWAR JIJIYAR NUMFASHI*

Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ke sauka ya hau idan muna numfashi. Jijiyar da ke motsa ɓangarensa na dama tana wucewa daf da inda ake aiki, kuma an fi taɓa ta a aikin sanyi. Mutum zai ji haki idan ya hau bene ko ya kwanta rigingine, wani da shaƙuwa ko tari. Hoton ƙirji na nunawa. Abin farin ciki, mafi yawa na warwarewa da kansu cikin watanni, wasu har shekara.

*6. SANYIN AIKIN CIKI*

Jijiyoyin da ke umartar tumbi ya niƙa abinci ya tura gaba, su ma a jikin hanyar abinci suke bi. Idan zafi ya taɓa su, abinci sai ya daɗe a ciki. Mutum ya ci loma uku ya ƙoshi, ciki ya kumbura, tashin zuciya, amai, rama. Sau da yawa akan ce olsa ce ko basir, a shiga ɗura masa jiƙe-jiƙe. A sanar da likita, a koma abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar kunu da fate mara maiƙo. Galibi yana gyaruwa cikin makonni ko watanni.

*7. YANKEWAR BABBAR HANYAR LANTARKI*

A wasu nau'o'in SVT wurin da za a ƙona yana kusa da babbar hanyar da ke kai lantarki daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa. Aikin SVT na cin nasara ga fiye da mutum 90 cikin 100, amma a ƙasa da 1 cikin 100 hanyar kan taɓu, bugun ya yi ƙasa sosai, sai an sa wa mutum batirin zuciya. Idan aka ƙirga bugu aka ga 40 ko ƙasa da haka tare da jiri ko suma, a tafi asibiti a yi gwajin ECG.

*8. KUMBURIN CINYA*

Wannan ita ce ta fi yawa a cikinsu, mutum 1 zuwa 4 cikin 100. Idan kumburin wurin hudar yana girma, yana zafi, ko ka ɗora hannu ka ji yana bugawa kamar zuciya, jini ne ke fita daga jijiya. Don Allah ba maruru ba ne. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, kada a kira wanzami ya yi sakiya. Idan jini ya ɓalle, a kwantar da shi a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti ana danne. Haka idan ƙafar ta yi sanyi, ta kumbura, ko ya ji ciwon baya ko kwiɓi mai tsanani tare da jiri.

*9. SABUWAR HANYAR BUGUN LANTARKI*

An fara amfani da ita a Turai a 2021, Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2023. Ta rage haɗarin taɓa hanyar abinci da tsukewar jijiyoyin huhu sosai. Amma ita ma tana da nata: jefi-jefi takan farfasa jajayen ƙwayoyin jini, fitsari ya koma launin baƙin shayi a kwana ɗaya ko biyun farko, har ya wahalar da ƙoda. Idan an ga haka ko fitsari ya ragu, a sanar da likita.

*ƘAHO, HABBATUS SAUDA DA SAURANSU*

Yanzu mu dawo kan tambayar Hajiya ta biyu. A duba kwalin magungunansa. Idan akwai warfarin, rivaroxaban, apixaban ko dabigatran, to yana kan maganin tsinka jini.

📌 *Ƙaho:* Sunna ce, kuma ba mu raina ta ba. Amma ƙaho tsaga ne da fitar da jini, mai shan maganin tsinka jini kuwa jininsa ba ya saurin tsayawa. A jinkirta sai likitan zuciya ya ba da izini. Kuma kada a kuskura a daina shan maganin don a samu damar yin ƙaho, wannan buɗe wa shanyewar jiki ƙofa ne.

📌 *Tafarnuwa da citta:* Gwargwadon na miya da shayi ba laifi. Wanda ake haɗiya da yawa a matsayin magani na iya ƙara tsinka jini a kan wanda ake sha.

📌 *Habbatus sauda:* Mai albarka ce. Sai dai tana ɗan sauke hawan jini da suga, shi kuma yana kan ƙwayoyin da ke wannan aikin. A bar shan manta cokali-cokali a watannin farko, a nuna wa likita kwalbar kafin a koma.

📌 *Zuma da dabino:* Ba matsala daidai gwargwado, sai ga mai ciwon suga.

📌 *Haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba,* na basir ne, na sanyi ne, na ƙarfin maza ne, a nisance su gaba ɗaya.

📌 *Maganin ciwon jiki:* Ibuprofen, diclofenac, aspirin da haɗin kemis na sa zubar jini a ciki ga mai shan maganin tsinka jini. Farasitamol ya fi aminci, amma kada a yi ta danne zazzaɓi da shi a zauna a gida.

📌 *Mai shan warfarin:* Ganyayyaki irin su alayyafo na rage ƙarfinsa. Ba a ce ya daina ci ba, ya dai riƙa ci daidai yadda ya saba, kuma kada ya tsallake gwajin INR.

📌 *Azumi:* Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama. A makonnin farko, ko Ramadan ne ko nafila, a tambayi likita tukuna. Idan ya ba da izini, shi zai tsara lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa baki.

*KAFIN A BARO ASIBITI*

Masu shirin zuwa Indiya, Masar ko wani asibiti a nan gida, ku tambayi waɗannan kafin sallama: wace irin hanya aka bi, zafi, sanyi ko bugun lantarki? Wane magani za a sha, har zuwa yaushe? Wace lamba za a kira idan wani abu ya taso? Yaushe ya dace a hau jirgi? Ku karɓi cikakken rahoton aikin a rubuce, ku ɗauki hotonsa a waya, uwargida da babban ɗa kowa ya ajiye. Da an dawo a je a gabatar da kai ga likitan zuciya na kusa tun ana lafiya, ya san da zamanku.

Sannan a rubuta 'yar takarda a sa masa a aljihu: “An yi mini aikin abuleshan na zuciya ranar kaza a asibiti kaza. Ina shan maganin tsinka jini kaza. Kada a zura mini kyamara ta baki sai an tuntuɓi likitan zuciya.” A ƙara da lambar wani na gida. A nemi likita ya rubuta irinta da Turanci a baya.

'Yan uwa, ba mun kawo wannan don a tsorata a fasa aiki ba ne. Mutuwa sanadiyyar aikin kusan 1 ce cikin 1,000 ko ƙasa da haka, barin bugun zuciya ba magani kuma yana da nasa haɗarin, daga shanyewar jiki har gazawar zuciya. Lafiya amana ce, neman magani umarni ne, kuma Annabinmu Sallallahu alaihi wa sallam ya koya wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Hajiya, ki ƙirga wata biyu daga ranar aikin, ki sa ido a kan zazzaɓi, haɗiya, numfashi da maganarsa. Idan kin ga abin da bai kwanta miki ba, ko shi ya ce ba komai, ki kira ƙaninsa ko babban ɗanku a fito da mota.

Wanda ya san gidan da aka yi wa wani irin wannan aiki, ya tura musu wannan saƙo. Masu tambaya su turo, za mu amsa a darasi na gaba in Allah Ya kai mu.

Allah Ya ba maigidan Hajiya lafiya mai ɗorewa, Ya sa kaffara ne, Ya tsare zukatanmu daga cutar jiki da ta ruhi, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.